Ranar da aka kira ni "Bra Dan": yadda muka ƙare da sunan shagon Baba a Kumasi

Wata uku da buɗe shagonmu a Aboabo, wata mata 'yar Asante ta shigo da hoton mahaifiyarta, tana so a ƙara masa girma saboda jana'izar da za su yi ranar Asabar. Ta ɗaga kai ta karanta allon da ke bisa ƙofa, ta dube ni, ta tambaya da Turanci ko ni ne Bra Dan. Kafin in amsa ta ƙara da cewa ɗanta ma Daniel ne sunansa, wace coci nake zuwa? Ƙanin maiɗakina, wanda muke shagon tare, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na dara, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ke rubuce a allon shi ne PHOTO DAN GOULBI, daidai yadda yake a ƙofar shagon mahaifina a Maraɗi tun zamanin Janar Seyni Kunce. Ɗan Gulbi laƙabinsa ne. Kakanninmu suna cikin waɗanda ambaliyar 1945 ta tasa daga tsohon gari a bakin gulbi suka hau tudu, sunan kuma ya bi gidan. Da wannan suna Baba ya ɗauki 'yan kokowa a fili, da mahaya ranar hawan salla, da amare, da maniyyata masu neman hoton fasfo. Kowane hoto ya fita daga hannunsa sai ya buga masa hatimi a baya. A Maraɗi ko yaro ka aika da sunan zai kai ka ƙofar. A Kumasi kuwa ya mai da ni Daniel.

Abin da ya fito da ni

Ba daɗi ne ya sa na baro gida ba. Tun kafin komai wayar hannu ta cinye rabin sana'armu. Wanda a da zai yi wanka ya zo da iyalinsa ranar salla, yanzu a tsakar gida yake ɗauka. Abin da ya rage mana shi ne hoton takardu da bukukuwa. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Takardar hoto da tawadar da muke sarowa daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya, suka yi tsada. Shago ɗaya ya kasa ɗaukar ni da ƙanena da iyalanmu.

Maiɗakina haifaffiyar zangon Kumasi ce, aure ya kai ta Maraɗi. Ƙaninta yana ɗaukar bidiyon biki, ya daɗe yana cewa in zo mu haɗa hannu: shi da sanin gari, ni da kyamara da injin buga hoto. A farkon 2024 na tattaro muka taho, ƙanena ya ci gaba da riƙe shagon gida. Allo kuwa ban ma yi shawara da kowa ba. Hoton na Maraɗi na nuna wa mai rubutu na ce ya kwafa.

Baki uku, magana uku

Washegarin zancen Bra Dan, ƙanin maiɗakina ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaya, gaskiya sunan nan ba ya sayar da mu. Mutanen nan ba su iya faɗinsa, ba su iya rubuta shi a waya su nemo mu. Rubutun Faransanci ne a ƙasar Turanci. Mu sa suna gajere na zamani, wanda yara za su gani a Instagram da TikTok su taɓa." Ya kawo sunaye har biyar, duk na Turanci. Ban ji daɗi ba, amma ban iya cewa ƙarya yake ba. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, ai kai ma sai ka nemi taka.

Na biyu shi ne Alhajin da muke haya a gidansa, dattijo mai kusan shekara tamanin. Shi ba ruwansa da Instagram. Da ya ji ina tunanin ƙara "Maraɗi, Nijar" a allon don 'yan gida su gane ni, sai ya girgiza kai. Ya ce, "Yarona, ina saurayi aka yi korar baƙi ta zamanin Busia a 1969. Mako biyu aka ba wanda ba shi da takarda. Na ga mutane sun sayar da shago a kuɗin akuya." Ya tuna mini kuma yadda aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame, nan cikin Kumasi, a 2019, kan rikicin wa doka ta yarda ya yi cinikin sari-ka-sayar. Ya ce mutanen ƙasar nan masu karɓar baƙo ne, shi shaida ne, amma baƙo mai hankali takardunsa yake gyarawa, ba ya rataya garinsu a bakin titi.

Ta uku Inna ce. Ban so ta ji ba, amma maiɗakina ta faɗa wa ƙanwata, ƙanwata ta kai. Sai ga saƙon murya a WhatsApp, daƙiƙa ashirin kacal. Ta ce, "An ce mini za ka sauke sunan mahaifinku. To, ni ban hana ka ba, kai ka san inda kake. Amma ka sani bai bar muku gona ba, bai bar muku shanu ba. Wannan ɗin shi ne abin da ya bari." Na saurara ya fi sau goma.

Na koma ga littafin rasit

Kowa cikinsu yana da gaskiyarsa, ni kuma na rasa wadda zan ɗauka. Maiɗakina ce ta fitar da ni. Ta ce, "Malam, kana ta tambayar waɗanda ba su biyanka. Ka tambayi masu biya mana." Daga ranar, duk wanda ya shigo sai in tambaye shi wa ya nuna masa mu, in rubuta a gefen rasit. Wata biyu na yi ina haka.

Da muka zauna muka duba, masu zuwa sun kasu uku. Akwai maƙwabta da masu wucewa, yawanci Asantawa, masu hoton fasfo da na jana'iza. Su ba suna ya kawo su ba, kusa ce ta kawo su, ko me aka rubuta za su shigo. Akwai 'yan zango haifaffun nan, su kuma ƙanin maiɗakina suka sani, sunansa suke kira ba na shago ba. Sai kashi na uku: mutanenmu na Nijar, 'yan albasa na Galmi da Madawa, masu dabbobi, masu shayi, 'yan Tasawa da Madarunfa da Dakwaro. Ba su fi yawa ba, amma su ne masu kawo babban aiki, biki da suna da hoton salla da za a aika gida. Kusan duk wanda na tambaya a cikinsu amsarsa ɗaya: "Allon na gani," ko "An ce mini ɗan Ɗan Gulbi ya buɗe a Aboabo."

A cikin watannin nan ne wani dattijo mai sayar da goro ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallon allon. Ya shigo, ya zaro wani ƙaramin hoto baƙi da fari daga cikin takardunsa, ya juya bayansa. Hatimin Baba ne, tawadar ta koɗe amma ana karantawa. Ya ce da wannan hoton ya yi takardar da ya fito da ita daga gida, kuma ranar kuɗinsa bai cika ba, Baba ya ce ya tafi in ya samu ya kawo. Bai taɓa komawa ya kai ba. Ya ajiye kuɗi a tebur ya ce in karɓa a madadin mai shi. Bayan wata ɗaya ya ba mu aikin auren 'yarsa, ko tayi bai yi ba.

Littafin ya nuna mini wani abu kuma da ban zata ba. Mun yi asarar aiki ba don sunan ya yi wuya ba, sai don sunayenmu sun yi yawa. Allo yana faɗin abu ɗaya, shafinmu na Facebook yana ɗauke da sunan da ƙanin maiɗakina yake aiki da shi tun da, lambar MoMo kuma sunansa na yanka take nunawa. Wani mai shirin aure ya zo tura kafin alƙalami, wayarsa ta nuna masa sunan da bai sani ba, ya fasa, ya ɗauka 'yan damfara ne. Ban ga laifinsa ba. A wurinsa ni ma haka zan yi.

Abin da muka yanke

Ba mu sauke sunan ba, ba mu kuma bar shi yadda yake ba. Mun haɗe shi kalma ɗaya, DANGULBI, muka jefar da rubutun Faransanci. Da ma injin mai buga allo ba shi da ɗ mai ƙugiya, kuma da aka haɗe, Dan ɗin da ke rikita mutane ya ɓace. Bahaushe yana gani ya san abin da ake nufi, wanda ba Bahaushe ba kuma yana iya faɗa yana iya rubutawa. A ƙasa muka sa abin da muke yi da Turanci, da sunan unguwa, Aboabo. Maraɗi ba ta hau allo ba, na bi shawarar Alhaji. Tana cikin shago, a jikin bango, ƙarƙashin hoton Baba riƙe da tsohuwar kyamararsa, tana kuma cikin sabon hatimin da muke bugawa a bayan hoto.

Daga nan muka bi ko'ina muka mai da shi iri ɗaya: allo, rasit, Facebook, WhatsApp, tambarin da ke gefen hotuna, da asusun karɓar kuɗi. A Ghana sunan kasuwanci ana yi masa rajista a Ofishin Magatakardan Kamfanoni. Sai an bincika an ga ba wanda ya riga ka, kuma ana sabunta shi duk shekara. Wannan ma darasi ne: ka fara bincike kafin ka biya mai allo, kada ka biya sau biyu kamar ni.

Saura magana mafi nauyi, wadda kunya ta so ta hana mu yi. Sunan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, gado ne, da ni da Yaya da ƙannena duk muna da haƙƙi a ciki. Abokin aikina kuma suruki ne, yau ana tare, gobe Allah ne masani. Na kira Yaya a Maraɗi na shaida masa komai. Ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu. Na farko, a rubuta a gaban shaidu cewa in haɗin gwiwa ya rabu, kaya a raba, amma suna ya bi gidanmu. Na biyu ya ce, "Baba bai taɓa cewa mutum ya zo Laraba ya zo ya tarar ba a gama ba. Ranar da ka fara haka, ka sauke allon da hannunka, don abin da ka ɓata a can zai iso mu nan." Gaskiya ne kuwa, motocin albasa da ke zuwa suna komawa, labari ma yana bin su. Muka rubuta a gaban Alhaji da limamin unguwa. Ƙanin maiɗakina ya ɗan ɓata rai da farko, daga baya shi da kansa ya ce gara haka.

Ga mai irin wannan tunani

Ba ina cewa kowa ya riƙe tsohon suna ba ne. Na san wani tela da ya zo da sunan unguwarsu a allo, ba wanda ya san unguwar a nan, ba kuma wanda ke nemansa da ita. Ya canza, ya huta. Da littafina ya nuna mini cewa ba mai zuwa saboda Ɗan Gulbi, da na roƙi Inna gafara na sauke. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma sai ka duba wa yake jawo maka kafin ka san ko na riƙewa ne. Ka tambayi masu biyanka. Ka ji yadda mutanen gari ke furta shi. Ka tabbata ko naka ne kai kaɗai ko da haƙƙin wasu a ciki. In ka canza kuma, kada ka yanke lokaci ɗaya: ka bar tsohon a ƙasan sabon na wasu watanni, kuma ka riƙe lambar wayar da aka san ka da ita.

Mun yi asara ta wani gefen, ba zan ɓoye ba. Samari masu son hoton gayu har yanzu sun fi tafiya shagunan da ke da sunayen Turanci a cikin gari, abokin aikina kuma yakan tuna mini. Amma aikin salla da ya wuce sai da muka ɗauki yaro na uku.

Na aika wa Inna hoton sabon allon. Ba ta karatun boko, ƙanwata ce ta karanta mata. Ta ce a tambaye ni ko sunan yana nan. Aka ce yana nan, an dai haɗe shi. Ta ce to Allah ya sa albarka, ya jiƙan mai shi.

Matar nan 'yar Asante kuwa ta zama ta gida, ita ta kawo mana aikin bikin ƙanwarta. Ta san sunana na gaskiya yanzu, ta san masallacin da nake salla. Amma in ta leƙo, Bra Dan take cewa, ni kuma ina amsawa.