Yadda Sauron Garki Ya Ƙaryata Lissafin Masana

Idan aka ce Garki yau, hankalin mutane Abuja yake tafiya. To amma a wurin masu binciken zazzaɓin cizon sauro a duniya, Garki ɗaya ce: wadda take jihar Jigawa, arewa maso gabas da birnin Kano. A can ne, tsakanin 1969 da 1976, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gwada ko za a iya katse yaɗuwar maleriya a ƙauyukan Afirka idan aka zuba kuɗi da ma'aikata da magani ba tare da ƙyashi ba.

Abin ya samo asali ne daga lissafi. Ronald Ross, likitan nan ɗan Birtaniya da ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897, ya nuna da alƙaluma cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. In aka rage yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar za ta mutu da kanta. A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara wani abu mai kaifi. Ƙwayar cutar tana buƙatar kwana goma ko fiye a cikin sauro kafin ta isa shiga jikin wani mutum, kuma yawancin sauro ba ya kai wannan tsufan. Saboda haka rage masa kwana ya fi rage masa yawa tasiri. Macen sauro idan ta ƙoshi da jini takan sauka a bango ta huta, sai a shafe bangon da guba. Da wannan tunani aka ƙaddamar da yaƙin kawar da maleriya daga duniya a 1955, ana feshin DDT. Ya yi aiki a wasu ƙasashe, amma a ƙasar Hausa gwaje-gwajen da aka yi a yankin Birnin Kebbi da Kankiya ba su kai ga gaci ba. Aka ce to, a je Garki a auna komai da komai, a ga inda gizo ke saƙar.

Masu binciken sun fi shekara suna aune-aune kafin su fesa ko ɗigo ɗaya. An zaɓi ƙauyuka 22 aka rubuta sunan kowa. Duk bayan mako goma sai ma'aikata su zo su soki yatsa, su ɗiga jini a gilashi, a kai ƙarƙashin madubin likita a ƙirga ƙwayoyin cuta. Da dare kuma ga masu kamun sauro: mutum ya zauna ya naɗe wando zuwa gwiwa, tocila a hannu, bututu a baki, yana jiran sauro ya sauka a ƙaurinsa ya zuƙe shi da rai, wani a cikin ɗaki wani a tsakar gida, har gari ya waye. Da safe a shimfiɗa fararen zannuwa a ɗaki, a fesa magani, a tsince abin da ya faɗo, a feɗe shi a ga ko yana ɗauke da cutar. Da wannan wahala aka gano cewa a wasu ƙauyukan, mutum guda kan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara, kusan duk a cikin damina.

A daminar 1972 da ta 1973 aka shiga aiki. Wasu ƙauyukan an bar su yadda suke don a sami abin kwatance. Wasu an fesa musu wani magani mai suna propoxur a bango. Wasu an haɗa musu feshin da rabon ƙwayar magani ga kusan kowa, mai lafiya da maras lafiya, duk mako goma. Rukunin ƙarshe kuwa ba abin da aka rage: feshi, da magani duk mako biyu a damina, har da zuba magani a kududdufai don kashe tsutsar sauro.

Da alƙaluma suka fito, sai jiki ya yi sanyi. Feshin ya rage ƙarfin da sauro yake da shi na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma yawan masu ƙwayar cutar a jini kashi 25 kacal ya ragu. Inda aka haɗa komai, masu ita sun ragu ƙwarai, har suka koma 'yan tsiraru cikin ɗari, sai dai ba a taɓa kaiwa sifili ba. Jarirai sun ci gaba da kamuwa, alamar cewa sauro bai daina yaɗawa ba. Da aka janye hannu, cutar ta koma inda take.

Dalili na farko shi ne yawan cizon ya wuce kima. Wanda ake ciza sau ɗari aka rage masa zuwa goma, goman ma sun ishe shi kamuwa. Kamar mai tsayuwa ne a cikin mamakon ruwan sama da ya koma yayyafi, jiƙewa dai sai ya yi. Na biyu ya fi ban sha'awa. Lissafin ya ɗauka cewa duk sauro halinsa ɗaya, kowanne yana da rabo daidai na sauka a bangon da aka fesa. Ashe ba haka ba ne. Akwai wanda zai sha jini ya fice ya huta a waje, kuma gobe ma haka zai yi, jibi ma haka. Wannan guba ba ta ganinsa, shi ne yake tsufa ya riƙe cutar. Mario Coluzzi, masani ɗan Italiya, ya duba ƙwayoyin gadon sauron yankin ya nuna cewa bambancin hali yana da tushe a cikinsu. Ga kuma halin mutane: ranar rabon magani wani ya tafi cin kasuwa, wani ya yi bulaguro, baƙo ya sauka da ƙwayar cuta a jininsa. Takarda ba ta san da su ba.

Klaus Dietz, masanin lissafi ɗan Jamus, da Louis Molineaux da wani abokin aikinsu suka gina sabon tsarin lissafi a 1974, wanda ya sa garkuwar jiki a ciki: babba da ya sha fama da cutar tun yana goye ba ɗaya yake da jariri ba. Suka gwada shi da alƙaluman ƙauyukan, ya kusanci gaskiya fiye da na baya. A 1980 Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da cikakken rahoton a littafi, suka faɗi ƙarara cewa feshi da rabon magani, ko da kuɗi ba matsala ba ne, ba su katse cutar a irin wannan ƙasa ba. Ni a ganina nan ne darajar aikin take, domin ba kowace hukuma ce za ta kashe miliyoyin daloli sannan ta buga cewa abin da ta yi fata bai yiwu ba.

Wani sakamakon ya so ya ɓace a ƙarƙashin wancan: a ƙauyukan da aka ba magani, mutuwar jarirai ta ragu sosai muddin ana bayarwa. Alƙaluman kuwa an zuba su a kwamfuta, kuma har yau masu gina lissafin maleriya a jami'o'in Turai da Amurka suna gwada nasu da jinin da manoman Garki da matansu da 'ya'yansu suka bayar duk mako goma. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar na yankin Sahel maganin rigakafi wata-wata a damina, kuma Jigawa na cikin jihohin da ake bi gida-gida ana rabawa.