Turaren Wunti da Lokutan Shekara: Ƙamshin Hunturu Ba Shi Ne na Bazara Ba

Layin masu turare a kasuwar Wunti da ke birnin Bauchi ba ya ɓuya, domin hanci ke fara gano shi kafin ido. Ga kwalaben humra jere a kan katako, ga robobin turaren wuta da aka jiƙa itacensa da mai aka soya da sukari, ga ƙullin kajiji da farce da jawul. Kasuwar ta ɗauki sunanta daga Ƙofar Wunti, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809. Ma'aikatan tarayya 'yan asalin jihar kan biya ta nan su yi tsaraba kafin su kama hanyar Abuja bayan hutun Sallah ko na ƙarshen mako. Sai dai akan samu turaren da ya yi daɗi a bakin shago, da an kai shi ofis sai ya koma mai hawa kai. Galibi kayan ba su da aibu. Lokacin shekara ne da wurin da za a yi amfani da su ba a lura da su ba.

Dalilin a bayyane yake. Ƙamshi ba ya isa hanci sai man da ke ɗauke da shi ya tashi ya shiga iska, kuma zafi ne ke gaggauta tashinsa. Mai marar nauyi, irin na ɓawon lemo da na furanni, da wuri yake tashi, da wuri kuma yake gushewa. Mai nauyi, irin na itacen ud da sandal da miski, a hankali yake fita, ya kwana a jikin tufa. Bushewar iska da danshinta su ma suna da tasu rawar: busasshiyar fata ba ta riƙe turare, iska mai laima kuwa tana sa ƙamshi ya daɗe yana yawo a ɗaki.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne zamanin turare mai nauyi. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara tana busar da fata da hanci, sanyin safiya kuma yana danne ƙamshi, har mai sauƙi ya ɓace tun kafin a fita daga gida. A nan ud da sandal da hawi da humra mai kauri ke nuna darajarsu. Wanda ya fara shafa man kaɗanya ko wani mai marar ƙamshi kafin ya ɗiga turaren zai ga ya fi daɗewa a jikinsa.

Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lissafin sai ya juya. Zafin Bauchi kan kusanci maki 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗigon ud ɗin da ya yi daidai a Janairu zai cika mota ya sa na kusa ciwon kai. Idan ya gauraya da gumi abin ya fi muni. Wannan lokaci na ƙamshin lemo ne da fure da farin miski, kaɗan-kaɗan, a riƙa sabuntawa bayan alwala. Saiwar jema, wadda iyaye mata suka daɗe suna jefawa cikin randa don ƙamshin ruwa, tana cikin abubuwan da hanci ke karɓa a matsayin sanyi. 'Yar'uwarta ta ƙasar Indiya ma da ita ake saƙa labulen da ake yayyafa wa ruwa don sanyaya ɗaki.

Damina kuwa matsalarta warin danshi ne a tufafi da darduma da labule. A nan ne ma'aikacin da ke zaune a Abuja ya kamata ya fi lura, domin ruwan Abuja yana farawa tun Afrilu ya kai Oktoba, ya fi na Bauchi tsawo da laima. Turaren ƙaro, irin su lubban da jawul da ƙaron itacen hano da ke fitowa a duwatsun ƙasar Bauchi, da kuma kajiji, su suka fi dacewa da turara kaya, saboda ƙamshinsu busasshe ne, ba shi da zaƙi mai yawa. Amma tufar da ba ta gama bushewa ba, turare ba ya gyara ta, sai dai ya haɗa wari biyu. Idan kaka ta shigo a Oktoba da Nuwamba, aka fara bukukuwan aure, sai a koma ga haɗin Barno mai zaƙi, wanda matan Kanuri da na Shuwa suka yi suna a kansa.

Akwai turaren da ya ratsa dukkan lokutan. Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, kuma ake haɗa shi a Kano, da mai aka yi shi ba da giya ba. Wannan ne ya sa ya karɓu a gidajen Musulmi, ya kuma sa ba ya saurin tashi a zafi. Masu haɗa turaren wuta sun daɗe suna zuba shi cikin haɗinsu.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. Ud na gaske daga itacen Aquilaria yake fitowa, a Asam ta Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, kuma ba ya yin ƙamshi sai itacen ya ji rauni ya fitar da baƙin ƙaro. Saboda yawan sararsa, tun 1995 aka sa babban nau'insa cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu. Don haka duk ud ɗin da ya yi araha ƙwarai, akasari itace ne na gida da aka jiƙa da man haɗi. Ba laifi ba ne a saye shi, muddin an san abin da aka saya. Mai saye ya nemi a ɗora masa ɗan kaɗan a garwashi, ya jira ƙamshin farko ya wuce, ya ji abin da ya rage.

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci: turaren wuta hayaƙi ne, komai daɗinsa. Hayaƙin yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin da ke shiga huhu, garwashin gawayi kuma yana fitar da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da launi ba ta da wari. Lokacin da aka fi sha'awar kasko, wato hunturu, shi ne lokacin da ake rufe tagogi, shi ne kuma lokacin da ƙura ke tayar wa masu asma da ciwonsu, gobara ta yawaita. Ofis mai na'urar sanyaya ɗaki iska ɗaya yake juyawa a kan mutum goma. Hadimin da ke shirya ofishin maigidansa gara ya turara shi da sassafe da kaskon lantarki, taga a buɗe, ya kashe kafin baƙi su iso. A gida kuma a fitar da garwashi waje kafin a kwanta, a nisanta shi da ɗakin jarirai.

Wanda zai yi tsaraba daga Wunti, maimakon babbar roba ɗaya ta shekara, gara ya sayi ƙananan kwalabe uku: mai nauyi don hunturu, mai sauƙi don bazara, na ƙaro don damina. Ya rufe su da kyau, ya ajiye inda rana ba ta kaiwa, ya kuma gaya wa mai shagon watan da zai yi amfani da su da irin ɗakin da za a turara.