Ko Kun Sani? Anini Mai Huda da Gawayin Cikin Gwangwani

Lokacin da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ƙaramin kuɗin da uwargida ke cefane da shi shi ne anini. An fara buga shi a 1907. Da huda a tsakiyarsa, da tauraro mai tsini shida, har da rubutun Larabci a jikinsa. A wancan lokacin anini 10 ke yin kobo ɗaya, 120 kuma su yi sule. Hudar ta sa ana zura su a zare, kada su zube a hanyar kasuwa.

Miyar da ake haɗawa da irin wannan canji ba ta sauya ba: garin kuka, daddawa, barkono da gishiri, a kaɗa da maburgi a zuba wa tuwon dawa. Har gobe ita ce rufin asirin gidaje da yawa a Zurmi da Shinkafi.

Sai dai baƙon kuɗi yana zuwa da tsoro. Akwai camfin cewa wani kuɗin na tsafi ne, in ya shiga cikin cinikinka sai ya janye sauran. Shi ya sa wasu masu saye da sayarwa ke jefa gutsuren gawayi ko busasshen barkono cikin gwangwanin ciniki. Malamai suna hani da wannan, kuma gaskiyarsu ne. Amma matar da jarinta duka bai wuce tiren daddawa ba, abin tausayi ce in ta ga baƙuwar takardar kuɗi ta tsaya tana jujjuya ta kafin ta karɓa.