Shin Ko Kun San Ganye Na Fasa Ruwa?

Shin ko kun san kowane ɗanyen ganye a Dajin Rugu, daga Batsari har Safana, yana fasa ruwa da hasken rana? Ta haka tsirrai ke samar da oksijin da muke shaƙa. Kayan aikin fa? Ƙwayar zarra 4 ta manganis, 1 ta kalshiyam, 5 ta oksijin. Shi ke nan! Sai a 2011 masana a Japan suka ga tsarinsu dalla-dalla.

Manganis ɗin nan ba baƙonku ba ne. Kun tuna baƙin garin cikin batirin tocila, wanda ɗalibai ke kwaɓawa su shafe allon aji, hannu duk ya yi baƙi ƙirin? Yana ciki, haɗe da oksijin.

Ɗan Adam ma ya iya fasa ruwa. Tun 1800 wasu masana, Nicholson da Carlisle, suka raba ruwa da lantarki a Landan. Ruwa lita 9 na ba da kilo 1 na haidirojin, makamashi marar hayaƙi, da kilo 8 na oksijin. A lissafi, bolt 1.23 ya wadatar, ko ƙarfin batirin tocila guda bai kai ba! A aikace kuwa oksijin akwai taurin kai, sai an samo sinadarin da zai zaburar da shi.

Gwanin wannan aiki shi ne iridiyam. To, riƙe numfashinku: abin da ake haƙowa a duk duniya a shekara bai kai tan 10 ba, yawancinsa daga Afirka ta Kudu. Zinariya, da duk tsadarta, ta haura tan 3,000!

Shi ya sa ake niƙe sinadaran su koma 'yan mitsi-mitsi, don a saman ƙwaya kawai aikin ke gudana. Ɗauki dunƙule mai santimita 1 ta kowane gefe. Daddatsa shi zuwa nanomita ɗai-ɗai, faɗin samansa zai kai murabba'in mita 6,000, ya kusa filin ƙwallo! Kaurin silin gashi ɗaya kuwa wajen nanomita 80,000 ne.

Ga wadda ta fi burge ni. A 1987 Dennis Corrigan na kamfanin General Motors a Amurka ya gano ɗan ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikin nikel yana sa oksijin ya tunkuɗo da sauri. Dauɗa ta zama magani! Dangin tsatsa ke nan, abin da ya rina ƙasar marmara ja. Sai dai a ruwa mai kaifin toka yake ƙarko. Ya shiga asid, narkewa yake, iridiyam ya ci gaba da cin karensa babu babbaka.