Farantin Azurfa Wanda Ba Azurfa Ba Ne

Kai mai karatu, wataƙila wata rana ka ga wani tsohon faranti na Turawa, fari fat, da siffofin mutane da dabbobi sun taso a jikinsa, har in ka shafa ka ji tudunsu. Kada ka yi saurin cewa azurfa ce zalla. Da yawansu jan ƙarfe ne, azurfar kuwa 'yar riga ce aka sa masa, ba ta kai kaurin takarda ba.

Ga yadda abin ya samo asali. A shekarar 1840 waɗansu masu sana'a da ake kira Elkington, a birnin Barmingam na ƙasar Ingila, suka sami takardar izini ta wata dabara. Akan narkar da azurfa cikin ruwan magani, a tsoma farantin, a saki wutar lantarki. Sai azurfar ta riƙa barin ruwan kaɗan kaɗan tana manne wa ƙarfen, har ta rufe shi sarai. Da irin wannan dabara kuma suka iya juyar aikin gwani guda ɗaya, wanda ya sha watanni yana bugawa da guduma, su fitar da irinsa da yawa. Ta haka mai matsakaicin hali ya sami abin da dā sai sarakuna.

Siffofin kuwa daga tatsuniyoyin Yunanawa da Rumawan dā aka ɗebo su. In ka ga ƙato ya shaƙe zaki da hannu, Harkulis ke nan. Wai kibiya ba ta huda fatar zakin nan, shi ya sa ya kama shi da kokawa. Mai mashi da baki uku kuwa Naftun ne, wanda suka ce shi ke mulkin teku. Waɗanda suka sayi farantan nan ba bauta musu suke yi ba, ado ne kurum, da nuna an yi karatu.

To, yaya za ka rarrabe? Juya bayansa. Azurfar Ingila ta ainihi akan buga mata hatimin ɗan zaki yana tafiya. In kuwa ka ga haruffan EP, shafe ne, kada ka biya kuɗin azurfa. Dubi kuma wuraren da suka fi tudu, kamar hanci da gwiwa, nan ja yake fara leƙowa.

In ya zo hannunka, kada ka cuɗe shi da toka ko yashi kamar tukunya, don kowace cuɗa tana tafiya da azurfa. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa.