Yadda Ake Kwatanta Farashin Sauya Na'urar Ɗumama Gida a Birtaniya

Galibin gidajen Birtaniya suna samun ɗumi ne daga tukunyar gas da ke tura ruwan zafi ta bututu zuwa ɗakuna. Idan ta tsufa, mai gida kan nemi farashi daga kamfanoni biyu ko uku. Sai dai araha ba ta ado: ƙaramin farashi kan ɓoye ayyukan da aka tsallake.

Abu na farko shi ne rajista. Doka ta haramta wa ma'aikaci yin aikin gas idan ba ya cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Da waya ma ana iya tantance lambar katinsa a shafinsu.

Daga nan sai a jera takardun a duba: shin kuɗin ya haɗa da wanke tsofaffin bututu, matatar tsatsa, haraji da garanti na shekaru nawa?

Wanda ke son komawa na'urar da ke zuƙo zafi daga iskar waje yana iya samun tallafin fam 7,500 a Ingila da Wales, muddin kamfanin yana da shaidar MCS.