Dandalin Jami'ul Fana na Marakesh: abubuwan da ya kamata ka sani

Duk wanda ya je Marakesh ta ƙasar Maroko sai ƙafarsa ta taka Jami'ul Fana, domin manyan lungunan tsohon garin da kasuwanninsa nan suke ɓullowa. Fili ne fetal, babu wani gini na a zo a gani a tsakiyarsa. Mutane ake zuwa kallo, kuma mutanen nan neman abincinsu suke yi. Baƙon da ya gane haka tun da wuri ya huta da rabin ɓacin ran da wasu ke komawa gida da shi.

Me ya sa ya yi suna?

Daular Murabiɗun ce ta kafa Marakesh wajen shekarar 1070, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan dandalin yana zaman mahaɗar 'yan birni da fatake da mutanen da ke gangarowa daga duwatsun Atlas. A 1985 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A 2001 kuma ta karrama dandalin da kansa, bayan fafutukar da marubucin nan ɗan ƙasar Sifaniya, Juan Goytisolo, ya jagoranta don kada gine-ginen zamani su cinye shi.

Abin da aka karrama shi ne halƙa: jama'a su yi zobe, mai ba da labari ko makaɗi ko mai barkwanci ko mai tallar magani yana tsakiya. Wanda ya taɓa tsayawa kallon gardawa a ranar kasuwa ya san tsarin. Idan labari ya kai wurin daɗi sai mai shi ya ja birki, ba zai ci gaba ba sai an jefa wani abu. Masu ba da labarin sun ragu ƙwarai, talabijin da waya sun janye musu masu sauraro. Da Larabcin Maroko suke magana, wanda ko mai Larabcin makaranta sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci wani abu.

Yaushe za ka je?

Da rana wurin ba shi da armashi: masu matsa lemo, masu lalle, masu macizai, sai zafin da kan wuce digiri 40 a watannin Yuli da Agusta. Bayan la'asar ake turo kekunan abinci, kafin magariba hayaƙin gashi ya turnuƙe filin. Ka yi salla a masallacin Kutubiyya, wanda Muwahhidun suka gina a ƙarni na 12, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Mutanen ƙasar mazhabar Malikiyya suke bi.

Kallo ba kyauta ba ne

Nan baƙi suka fi shiga rigima. Ka ɗaga waya ka ɗauki mai maciji, ko mai tallar ruwa mai jajayen kaya da kofunan tagulla, to ka ci bashi. Ba zamba ba ce, hoton shi ne hajarsa. Zambar tana zuwa ne idan ba a yi ciniki ba tun farko, sai a yanka maka kuɗin da aka ga dama. Saboda haka ka tanadi canji, sulallan dirhami 5 da 10, a aljihun da ba nan manyan kuɗinka suke ba, kuma ka tambayi farashi kafin ka danna.

Biran da ake ɗora wa mutane a kafaɗa kuwa, ni dai ban ga dalilin biyan ko sisi a kansu ba. Jinsi ne da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kuɗin hoton nan ne ke sa a ci gaba da raba su da daji.

Mata su yi hattara da baƙin lalle. Sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai iya sa fata ta yi bororo. Idan mai lalle ta kama hannunki ba ki nema ba, ki janye, ki ce "la, shukran", ki wuce. Haka ma saurayin da zai ce maka hanyar gabanka a rufe take, ya san wata: shagon ubangidansa zai kai ka.

Masu kiɗan Gnawa

Ka ba su lokaci. Za ka gane su da ƙarafan da suke kaɗawa a hannu da molon nan mai tsirkiya uku da ake kira gimbri. Asalinsu zuriyar bayi ne da aka ƙetara Sahara da su daga Afirka ta Yamma, kuma har yau waƙoƙinsu na ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Abin da suke yi a dandali ɗanɗano ne kawai. Ainihin kiɗan a cikin gidaje ake kwana ana yinsa, don neman waraka. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2019.

Abinci da tsaro

Rumfunan abinci suna da lambobi, kowace da yaranta masu janyo baƙi. Ka zauna inda ka ga 'yan gari sun cika, ka ga farashi a rubuce, kuma ka sani burodi da zaitun da aka ajiye maka ba ka nema ba suna iya fitowa a lissafi. Akwai miyar harira, da kan rago, da romon dodon koɗi ga mai ƙarfin hali. Abincin Marakesh na asali shi ne tanjiya, nama a tulun ƙasa da ake binnewa cikin tokar murhun gidan wanka ya yi awoyi yana nuna.

A watan Afrilun 2011 bam ya tashi a gidan shayin Argana da ke bakin dandalin, mutum 17 suka mutu, kuma girgizar ƙasar Satumban 2023 ta rusa wani ɓangare na hasumiyar wani ƙaramin masallaci a wurin. A yau akwai 'yan sanda, har da masu kula da baƙi. Abin da ya fi damun mai ziyara shi ne 'yan sane cikin cunkoson halƙa, da babura masu kutsowa ta lungu. Idan ka ji an ce "balak", ka matsa gefe tukuna.